Yadda Ɗalibi Zai Ci Moriyar Horon Sanin Makamar Aiki a Masana'antar Waƙa

Duk shekara, idan lokacin fita horon sanin makamar aiki ya ƙarato, ɗaliban aikin jarida da na wasan kwaikwayo da na kwamfuta kan yi dafifi a ƙofar gidajen rediyo da ma'aikatun gwamnati, kowa da takardarsa a hannu. Kaɗan ne ke tunanin sutudiyon waƙa, ko kamfanin da ke kula da harkokin mawaƙa. Cikin 'yan kaɗan ɗin ma, da yawa da wata manufa suke tafiya: ko a ji muryarsu a ce su ma su shiga su rera, ko su samu hoto da wani fitaccen mawaƙi. Irin waɗannan sukan dawo makaranta bayan wata shida da hotuna cike da waya, ba su iya haɗa makirfo da na'ura ba.

Mawaƙa ba su yi mana ƙaranci ba. Kowace unguwa a Kano da Kaduna da Jos da Zinder akwai mai murya. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai ɗaukar sauti tsaf, wanda zai adana aiki bai ɓace ba, wanda ya san takardar da ke sa kuɗin waƙa ya koma aljihun mai ita. Wannan shi ne gurbin da ɗalibi mai boko zai iya cikewa, kuma watannin horo sun isa a kafa harsashinsa idan an shiga da shiri.

Fara daga ofishin makarantarka

A Najeriya yawancin wannan horo yana tafiya ne ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Ita hukumar an kafa ta a 1971, kuma hedikwatarta tana Jos. Ɗalibin jami'a yakan yi wata 6, na kwalejin kimiyya da fasaha wata 4 bayan shekararsa ta farko, sannan akwai shekara guda ta aiki da ake nema daga wanda ya gama ƙaramar difloma kafin ya koma babba. Ba kowane fanni ne ke cikin shirin ba, wasu sassan kuma suna da nasu tsarin na daban. Saboda haka kafin ka taka ƙofar kowane sutudiyo, je ofishin SIWES na makarantarku ka yi tambaya guda: wane irin wuri kuke amincewa da shi?

Dalilin tambayar shi ne, da yawa daga sutudiyoyinmu ɗaki ɗaya ne da kwamfuta da fiyano da wani ɗan lungu da aka lulluɓe da soso. Mai wurin na iya zama gwani na gaske, amma ba shi da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ba takarda mai kan kamfani, ba hatimi. Makaranta kuwa tana buƙatar wasiƙar karɓa, da adireshin da malamin da zai zo duba ka zai iya ganowa, da wanda zai riƙa sa hannu a littafin rahotonka duk mako. In wurin da kake so bai cika waɗannan ba, kada ka yarda wani ya sassaƙa maka hatimin bogi. Hanya mai tsabta ita ce ka nemi gurbi a sashen sauti ko na shirye-shirye na gidan rediyo ko talabijin, ya zama nan ne wurinka a hukumance, sannan da sanin mai kula da kai ka riƙa zuwa sutudiyon da yamma ko ƙarshen mako.

A wasu ƙasashe makaranta ce ke share wa ɗalibi hanya. Jami'ar Belmont a Nashville ta Amurka tana dab da unguwar da kamfanonin waƙa suka tattaru, Jami'ar Drexel a Philadelphia kuma ta saka watannin aiki a kamfani cikin tsarin karatunta. Mu a nan wasiƙar gabatarwa za a miƙa maka, sauran nema naka ne. Ka fara wata uku kafin ranar fita.

Ina za a je

Sutudiyo shi ne abin da kowa ke fara tunani, kuma a Kano titin Gidan Zoo da kewayensa nan ne cibiyar masu fim da waƙa. Amfanin ƙaramin sutudiyo shi ne za ka ga komai da idonka: yadda mawaƙi ke zuwa da baiti a takarda ko a ka, yadda makaɗi ke ɗora masa kiɗa, shigowar 'yan amshi, haɗa sauti, har miƙa aiki da karɓar kuɗi. Illarsa ita ce abin da maigidan ya sani kaɗai za ka sani, har da kurakuransa.

Gidan rediyo da talabijin sun fi tsari. Akwai injiniyoyi, akwai jadawali, akwai ɗakin adana sauti. Tsofaffin gidaje irin Rediyon Tarayya na Kaduna suna da tarihin ɗaukar makaɗan gargajiya tun zamanin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, kuma duk wanda ya samu damar zama kusa da tsoffin ma'aikatan irin waɗannan wurare ya yi ta tambaya. Tashoshi masu zaman kansu irin Freedom Radio da Arewa24 kuwa a nan za ka ga yadda ake haɗa waƙar talla da kiɗan buɗe shiri a ƙurarren lokaci.

Akwai wurin da ɗalibai ke rainawa: masu ba da hayar kayan sauti na biki da taro. Aikin ɗaukar kaya ne da rana da dare, amma babu inda hannu ke saurin faɗawa kamar nan, domin kuskure a gaban jama'a ake yin sa, a take kuma ake gyara shi.

Mai sha'awar ɓangaren kasuwanci, Legas ce cibiya. Can Mavin Records take, wadda Don Jazzy ya kafa a 2012, kuma Universal Music ta sanar da sayen mafi yawan hannun jarinta a 2024. Can Chocolate City take, wadda tushenta ke Jos, ta kuma ƙulla haɗin gwiwa da Warner Music a 2019. Samun gurbi a irin waɗannan wurare akwai gasa, kuma kafin ka yi murna da wasiƙar karɓa ka lissafa masauki da kuɗin mota na wata shida a Legas. In lissafin bai fita ba, ofishin lauyan da ke rubuta wa mawaƙa yarjejeniya, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa mafi kusa da kai, ko manajan wani mawaƙi mai tsari a Abuja ko Kaduna, duk za su koya maka abin da sutudiyo ba zai koya maka ba. Ɗaliban Nijar kuma suna da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya a Yamai, wuri ne da ya dace a fara tambaya.

Ko ina ka nufa, kada sunan wuri ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne mutumin da zai koya maka. Ka ziyarci wurin kafin ka kai takarda, ka zauna ka lura. Akwai yaran da suka koyi aiki a hannunsa suka tsaya da ƙafarsu? Idan yana aiki yakan yi bayani, ko rufe fuskar kwamfuta yake yi kada a ga sirrinsa? Akwai aiki kullum, ko sai a yi kwana huɗu ana hira a benci? Ƙaramin wuri mai maigida mai sakin hannu ya fi babban kamfanin da za a ajiye ka a bakin ƙofa kana rubuta sunayen baƙi.

Wajen nema kuwa, wannan harka ta sanayya ce. Wasiƙar da aka ajiye wa mai gadi takan kwana a aljihun tebur. Nemi wanda zai gabatar da kai, malaminka ko wani tsohon ɗalibi ko ɗan unguwa da ke harkar. Ka je da kanka, ka gaisa yadda ya kamata, ka faɗi abin da ka iya ba ƙari. "Ranka ya daɗe, na ɗan taɓa FL Studio, ina iya gyara murya a Audacity, kuma ina da saurin rubutu a kwamfuta" ya fi dogon jawabi kan yadda kake ƙaunar waƙa tun kana yaro. In kana da ɗan aikin da ka taɓa yi, ko na minti ɗaya ne, ka tafi da shi. Waƙarka kuma ka bar ta a gida.

Makonnin farko

Za ka yi shara. Za a aike ka sayo ruwa da kati da man janareta. Kada ka ɗauke shi wulaƙanci, haka kowace sana'a ta maigida da yaro take farawa, kuma da shi ake auna ko za a iya bar maka makulli. Amma a cikin wannan lokacin akwai abubuwan da za ka koya ba tare da an zaunar da kai ba.

Koyi sunan kowace waya da inda take shiga. Koyi naɗe ta yadda ba za ta murɗe ta karye daga ciki ba, ba a naɗe wayar makirfo a gwiwar hannu kamar igiyar guga. Koyi jerin kunna kaya: lasifika ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa, in ba haka ba ƙarar da ke fita lokacin kunna sauran na'urori na iya lalata ta. Ka san cewa makirfon sutudiyo mai ɗaukar murya yawanci yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga na'urar da aka haɗa shi da ita, kuma ana kashe wannan wutar a rage sauti kafin a cire ko a saka waya. Ka san abin da ake yi idan an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, da wanda ke tayar da janareta, da abin da ake cirewa kafin a juya layi.

Sai ladabin ɗaki. Idan ana ɗauka, bakinka alaikum. Ko ka ji mawaƙi ya kauce, ba kai za ka faɗa ba, sai in an tambaye ka. Ka rubuta tambayoyinka, ka yi su bayan baƙi sun tafi. Wayarka ta kasance a kashe ko a waje. Babban laifin da ba a yafewa a wannan harka shi ne fitar da waƙar da ba a saki ba. Daƙiƙa goma da ka ɗauka ka ɗora a TikTok ko ka tura wa aboki don burgewa na iya rusa shirin da aka kashe wa kuɗi, kuma labarin yaron da ya yi haka yakan riga shi isa kowane sutudiyo a garin.

Abin da za ka sa wa ido a teburin sauti

Matakin farko na sauti mai kyau ba a cikin kwamfuta yake ba, yana wajen ɗauka. Lura da tazarar bakin mawaƙi da makirfo, da yadda ake saita ƙarfin shigar murya. Idan ma'aunin ya taɓa ja, muryar ta fashe, kuma babu manhajar da za ta mayar da ita yadda take. A bar sarari a sama ya fi. Ana ɗauka a tsarin WAV, ba MP3 ba, yawanci a 24-bit, kuma idan waƙar fim ce ko za a yi mata bidiyo, 48 kHz ake sawa don ta dace da hoto.

A nan jin Hausa yake zama jari. Harshenmu yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma mawaƙi na iya jan kalma don ta hau kiɗa har ma'anarta ta sauya. Mai ɗaukar da ke sauraren kalmomi, ba kiɗa kaɗai ba, shi zai kama wannan kafin waƙa ta fita a yi ta dariya. Haka baƙaƙe irin ƙ da ts da ɗ da ɓ: wurin tsaftace murya, mai gaggawa na iya daddatse su har "ƙasa" ta koma "kasa". Ita kuma manhajar daidaita murya da ta zama ruwan dare a waƙoƙinmu, ka koyi amfani da ita, amma ka kuma koyi ɗaukar muryar da ba ta buƙatarta sosai.

Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye kiɗan fina-finan Hausa, daga baya kwamfuta ta karɓa, har ya zama matasa da yawa a harkar ba su taɓa kafa wa kalangu makirfo ba. Duk ranar da aka kawo mai kalangu ko gurmi ko garaya ko algaita, kada ka yi fashi. Algaita tana da ƙara mai huda kunne, sai an ja makirfo baya. Kuntigi ɗan ƙarami ne, sai an matso. Kalangu muryarsa hawa da sauka take yi yadda makaɗi ke matsa tsarkiya, kuma idan aka danne shi da yawa wajen haɗawa sai maganarsa ta mutu. Masu wannan ilimin ba su da yawa, kuma masu fim da masu shirye-shiryen tarihi suna nemansu.

Sai adana aiki, wanda a ganina nan ne sabon zuwa zai fi saurin nuna amfaninsa. Shiga kwamfutar sutudiyo da yawa za ka tarar da fayiloli masu suna "sabuwa", "sabuwa 2", "ta ƙarshe", "ta ƙarshe gaske". Ka nemi izini ka tsara su: sunan mawaƙi, sunan waƙa, kwanan wata, lambar gyara. Kowace waƙa da jakarta, a ciki a ware murya daban, kiɗa daban, amshi daban, da wadda aka gama haɗawa. Kowane aiki ya kasance a wuri fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki ba a cikin ɗakin ba, domin wuta da ɓarawo da ƙwayar cutar kwamfuta ba sa sallama. Filashin baƙo kada ya shiga kwamfutar aiki sai an bincike shi. In za a tura waƙa ta WhatsApp, a tura ta a matsayin takarda don ta isa yadda take. Ranar da wani mawaƙi ya dawo neman kiɗan waƙar da ya yi bara ka fito masa da shi cikin minti biyu, daga ranar maigida zai fara kallonka da wani ido.

Takarda, inda kuɗin yake

Wannan ɓangaren ne aka fi sakaci da shi a wajenmu, kuma shi ne ɗan makaranta ya fi kowa dacewa da shi.

Kowace waƙa da aka ɗauka tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin ita waƙar, wato baitoci da karin da aka tsara, akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka. Mai na farko na iya zama daban da mai na biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Dokar ta kuma ce mallaka wa wani haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce. Ka nemi dokar ka karanta, tana intanet, kuma ba ta fi ƙarfin ɗalibin jami'a ba.

Yanzu dubi yadda muke aiki. Wani ya rubuta baiti, wani ya rera, makaɗi ya ɗora kiɗa an biya shi kuɗin zama, 'yan amshi sun karɓi na mota, furodusan fim ya biya kuɗin sutudiyo. Babu wanda ya rubuta komai, domin duk 'yan uwa ne kuma ana jin nauyin juna. Idan waƙar ba ta yi tasiri ba, shi ke nan. Idan ta fashe, ta tara miliyoyin masu kallo a YouTube, kamfani ya nemi saka ta a talla, sai zumunci ya koma shari'a. Maganin wannan takarda ce shafi ɗaya, wadda ake cikewa ranar da aka yi aikin: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan duk wanda ya sa hannu a aikin, abin da ya yi, kason da aka amince masa ko kuma bayanin cewa an biya shi gaba ɗaya, lambar waya, sa hannu. Ka tsara irinta ka nuna wa maigida. Wataƙila ya ce ba a saba ba. Kada ka matsa, amma ka ajiye ta kusa, ranar da rigima ta tashi a kan wata waƙa shi zai tambaye ka ita.

Daga nan sai sakin waƙa. Masu tura waƙa a waya a kasuwa har yanzu suna nan, amma Audiomack da Boomplay da YouTube sun zama manyan hanyoyi, Spotify ma ta shigo Najeriya a 2021. Mawaƙi ba ya ɗora waƙa kai tsaye a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore ko ONErpm. Ka roƙi a bar ka ka zauna kusa ranar da za a ɗora wata. Za ka ga ana neman fayil na WAV, da hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, yawanci 3000 a 3000, da sunayen marubuci da makaɗi. Za ka ga lambar ISRC, mai harufa da alƙaluma 12, wadda ita ce shaidar kowane sauti da aka ɗauka, da ita ake bin sawun kuɗinsa. Ka rubuta ta a ajiye, domin idan aka sauya kamfanin rarrabawa da ita ake tafiya. Spotify kuma tana son a gabatar wa editocinta waƙa aƙalla kwana 7 kafin ranar fita, abin da ba zai yiwu ba ga wanda ya gama haɗawa da daddare yana son ta fita da safe.

Wani abu ƙarami mai cin kuɗi: rubutun suna. Mawaƙi ɗaya, yau an rubuta sunansa da ƙugiya, gobe babu, jibi an haɗe kalmomi biyu, sai manhaja ta ɗauke shi mutum uku ta raba masa masu sauraro. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa. Ka kuma koyi yadda ake kai ƙorafi idan wani ya ɗora waƙar maigidanka a tasharsa ta YouTube yana cin kuɗinta, da yadda mawaƙi ke rajista da ƙungiyar karɓar kuɗin haƙƙi irin MCSN. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma harkar waƙa na cikin abin da take sa wa ido. Ka san ƙa'idojinta na lokacin da kake aiki, domin sukan sauya.

Ranar taro

Idan aka tafi da kai biki ko gangami, ka riga kowa zuwa. A rubuta jerin abin da zai shiga kowace kafa ta na'urar haɗa sauti, a manna alama, a gwada kowane makirfo ɗaya bayan ɗaya kafin jama'a su taru. Makirfo ba ya fuskantar lasifika, in ya fuskanta za ka ji kukan nan mai tsinka kunne. Ka tanadi batir da waya ta ko-ta-kwana. Ka kula da wutar janareta da wayoyin da aka shimfiɗa inda mutane ke takawa, musamman da damina.

Kunnenka kuma shi ne jarinka. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a kan ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Gaban lasifikar biki ya wuce haka nesa. Sayi abin toshe kunne, ba shi da tsada, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kuɗi, da iyakar haƙuri

Yawancin wurare ba za su biya ka albashi ba. Wasu za su ba da na mota, wasu sai ranar da aka samu aiki mai tsoka. Alawus ɗin da ke cikin tsarin SIWES ba abin da za ka gina lissafinka a kansa ba ne. Ka yi maganar kuɗin mota da lokacin zuwa da tashi tun ranar farko, cikin ladabi, don kada a zo ana jin kunya daga baya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin horo da bauta. Ba a nan kaɗai ake bautar da masu horo ba: a Amurka, a 2015, Warner Music ta amince ta biya sama da dala miliyan 4 don sasanta ƙarar da tsoffin masu neman sanin makamar aiki suka shigar kan aikin da suka yi ba biya. Ma'aunin da za ka riƙe mai sauƙi ne. Duk ƙarshen mako ka tambayi kanka me ka iya yau wanda ba ka iya ba makon jiya. Idan wata guda ya wuce amsar ita ce babu, ka samu maigida shi kaɗai ka ce, "Maigida, ina so a ɗan riƙa ba ni dama in taɓa aiki, ko gyaran amshi ne, don in samu abin rubutawa a littafina." Yawanci wannan ya isa. In bai isa ba, ka koma ofishin SIWES ka nemi sauyin wuri tun da sauran lokaci.

Ga ɗaliba mace akwai ƙarin magana. Aikin sutudiyo yakan kai dare, wurin kuma maza sun fi yawa. Ki yanke lokacin tashinki tun farko, gida su san wurin da mai wurin, kuma in da hali ku je ku biyu daga makaranta ɗaya. Duk wanda ya haɗa koyarwa da wata buƙata, ki bar wurin ki sanar da mai kula da ku a makaranta. Kada wannan ya hana ki shiga, domin mawaƙa mata da 'yan amshi da yawa za su fi sakewa idan mace ce a kan na'ura, kuma ɓangaren takardu da rarrabawa ba ya buƙatar kwana a sutudiyo.

Namiji da mace duka, a kiyayi abin da wasu ke sha da sunan neman basira. Lokacin zaɓe kuma sutudiyo kan cika da waƙoƙin siyasa, yau na wannan jam'iyya gobe na waccan. Kai ma'aikaci ne, abin da ka ji a zaman wani ba ya zuwa kunnen wani.

Littafin rahoto da abin da za ka fita da shi

Ɗalibai da yawa sukan bar littafin rahoto sai daren da za a mayar da shi, su cika shi da "na taimaka a sutudiyo" sau ɗari. Cika naka kullum, da bayani: yau an ɗauki murya da amshi na waƙar biki, na kafa makirfo, an samu ƙarar janareta a cikin sauti, an magance ta da matsar da shi da rufe taga. Zana yadda aka haɗa kaya. Maigida ya sa hannu duk mako, fom ɗin ITF kuma a cike su a kan lokaci, na fara aiki a farko, na kammalawa a ƙarshe. Wannan littafin shi zai zama rahotonka, shi zai cece ka ranar da za ka tsaya gaban malamai.

Ban da na makaranta, tara naka. Duk aikin da ka sa hannu, ka nemi izini a rubuta sunanka a cikin waɗanda suka yi shi, ko da a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo ne. Ka nemi izinin ajiye gajerun misalai na aikinka bayan an saki waƙar, murya kafin gyara da bayan gyara. Ka riƙe kwafin takardun da ka tsara, ba tare da sirrin kowa a ciki ba. Mako biyu kafin ka tafi, ka roƙi wasiƙar shaida mai faɗin ainihin abin da ka iya, domin bayan ka tafi samunta wahala ne. Ka miƙa duk makulli da kalmomin sirri, ka nuna wa wanda zai gaje ka yadda ka tsara fayiloli.

Bayan ka koma makaranta kada ka yanke zumunci. Ka riƙa leƙawa lokacin hutu, ka karɓi ƙananan ayyuka, gyaran murya ko ɗora waƙa, a kan farashin da aka yi magana tun kafin a fara. In wurin yana da rajista kuma an ji daɗin zama da kai, ana iya neman a turo ka can lokacin bautar ƙasa idan jihar ta dace, ka ƙara kusan shekara guda a kan watanni shidan.